Za a Sa wa Filin Tanis Sunana, Shin In Gayyaci Babana?

Malama Hedwig, ki taimake ni, farin ciki ya zo mini da ƙaya a ciki.

Tun ban kai tsayin raga ba babana ya damƙa mini raket, sandar buga tanis, a garinmu Kassel. Shi ne kocina, shi ne direba, shi ke hana ni kek ran Lahadi. Da na shiga sahun ƙwararru muka zaga duniya tare, ana fitar da ni tun zagayen farko, yana zazzaga mini faɗa a gaban mutane. Ranar da na sallame shi na ɗauki wata koci, cewa ya yi, "In ba ni, ko kofin shayi ba za ki ci ba."

To, na ci! Bayan shekara biyu na ɗaga kofi a Italiya, na doke 'yar wasan da kowa ke tsoro, 'yan kallo suka miƙe suna kiran sunana. Na ƙara wani a Poland kafin ciwon kafaɗa ya ajiye ni. Babana bai taɓa ce mini sannu ba, gaisuwarmu sai ta Kirsimeti. Yanzu kulob ɗinmu zai sa wa babban filinsa sunana. Mamata ta ce tsohon ya sayi sabon kwat ya rataye, wai ba don komai ba. In kira shi, ko in bar shi da kwat ɗinsa?

Bahaguwa daga Kassel

Ya ke Bahaguwa, barka da arziki! Kin yi abin da aka ce ba za ki iya ba, har sau biyu.

Maganarsa ta yi zafi, kuma ban ce ki manta ba. Amma mutumin da ya yi ta tuƙa ki cikin ƙanƙara zuwa atisaye yana da guminsa a wannan fili. Irin su ba su iya cewa "na yi kuskure". Kwat suke saya.

Ki kira shi da kanki, kada ki aika mamarki. Ki ba shi kujerar gaba, amma kada ki ba shi makirufo. Ranar taki ce, sunan da ke jikin allon ma naki ne. Allah ya sa a yi taro lafiya, ya ba kafaɗar nan sauƙi.

Hedwig