Likita Ya Tambaye Ni Ko Yana Jin Magana

Gwaggo Sakinatu, don Allah ki agaza mini kafin Asabar.

Ƙanena Munzali mai gyaran rediyo ne a Sabon Gari, shekarunsa ashirin da biyu. Tun bayan babbar sallar bara ya canja. Ya daina wanka, ya cire batiran rediyoyin mutane wai zancensa ake yi a ciki, yanzu ko tuwon da na tuƙa ba ya ci, wai an ba ni guba in zuba. Ni da na goya shi!

Na kai shi asibiti. Likitan ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya tambaye ni, yana jin magana? Na ce ina, tunda abin nan ya same shi ba ya jin maganar kowa. Ya rubuta, ya ba mu maganin barci. Sai jiya Munzali ya gaya mini mutum biyu ne ke zaginsa a kunne, ba sa hutawa. Ashe abin da likita ke nufi ke nan.

Akwai kuma abin da na ɓoye. Ya tambaya ko an taɓa yi a dangi, na ce a'a. Alhali Baffa Ishaku, ƙanen babanmu, haka ya fara, kuma a gidan mari ya rasu. Tsoro na ji kada a ce gado ne, ga ni da 'ya'ya mata uku. Yanzu Baba ya ce ranar Asabar za a kai Munzali gidan marin nan. Kunyar komawa asibiti nake ji.

Mai Damuwa, Barkin Sale, Minna

'Yata, kuskuren farko na harshe ne, ba laifinki ba ne. Na biyun kuwa naki ne, amma yana gyaruwa.

Ni ba likita ba ce, sai dai alamun nan sun yi kama da ciwon ƙwaƙwalwar da ake kira sikizofiriniya. Ba a ganinsa a gwajin jini. Da bayanin majiyyaci da na 'yan uwansa ake gane shi, ke kuwa kin ba likita amsa biyu a karkace.

Yana bin dangi, amma ba kamar gona ba da kowa ke da kaso. Ko 'yan uwa na jini, kusan tara cikin goma ba sa kamuwa, balle 'ya'yanki.

Kada ki yi faɗa da Baba. Ya ga abin da ya sami ƙanensa, tsoro ne ke tura shi. Ki roƙe shi ya raka ku asibiti gobe, ya ba da labarin Baffa da bakinsa, ku nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa. Akwai magani, addu'a kuma ba ta hana shi.

In likita ya sake tambaya, ki ce e, yana ji, mutum biyu ne. Allah ya ba Munzali lafiya.