Janar da Magen Inna

Legas, Fabrairu 2004

Ƙanena Musbahu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Ni lafiya lau, tumatir ya yi kasuwa.

Direban da ya kawo maka takardar nan zai sauke maka kare. Ba irin karnukan garinmu masu bin juji ba ne, jinin na Turawa ne, na sa masa suna Janar. Tun da aka sace mana injin ban-ruwa a bakin kanal na rantse ba za a kuma ba. Sabon injin ya riƙa kwana a gida, karen a tsakar gida. Ka ɗaure shi da rana, kada kowa ya yi masa wasa, haka ake sa su zafi. Magen Inna kuwa ta koyi zaman ɗaki. Da gumina na gina gidan nan, bulo da kwano, dole in tsare shi.

Ka gaida Inna. Yayanka, Baballe.

Bunkure, Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai godiya. Kare ya iso. Ranar farko ya tsinke igiya ya bi magen, da ƙyar ta haye katanga, ga ta da ciki. Ka san tun rasuwar Baba ita ce abokiyar hirar Inna.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce dai mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare, kuma ya sa baki a butarta. Yanzu in lokacin salla ya yi, sai ta ɗauki darduma ta tafi gidan maƙwabciyarmu Barira. Mutane suna gani. Jiya a ƙofar masallaci wani ya tambaye ni wai ko ruwan alwala ne ya ƙare a gidan Baballe. Don Allah ka bari in kai shi gona.

Ka huta lafiya. Musbahu.

Legas, Maris

Musbahu,

Bayan sallama. Na tambayi malami a nan, ya ce karen gadi ba laifi ba ne, ni ma ai ban yi karatun banza ba. A saya wa Inna sabuwar buta. Shi kuma mai tambayar ruwa, ka tambaye shi ina yake lokacin da nake dakon kwandunan tumatir a kasuwar Kwanar Gafan. In na janye karen yanzu, gobe gari ya ɗauka mage ta kori karen Baballe. Ka sayo sarƙa. Za su saba, dabba ce.

A gaida gida. Baballe.

Bunkure, Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba su saba ba. Magen ta haihu a ƙarƙashin gadon Inna, shi kuma ya riƙa yini yana fizgar sarƙa yana kallon ƙofar. Da 'ya'yan suka fara rarrafe, ɗaya ya fito bakin ƙofa da hantsi. Ashe sarƙar tana kaiwa. A gaban Inna aka yi.

Magen ta kwashe sauran da baki, ɗaya bayan ɗaya, ta bi ta gadar kanal ta kai su tsohon gidan ƙasa na Baba. Inna ta tsaya tana kallonta har ta gama, sannan ta ce, "Ita ma ta san inda ba a sonta." Ta naɗe tabarmarta ta bi bayanta. Can take kwana. Rufin ɗakin ya tsage, Yaya, ga damina tana matsowa.

Sai na ji daga gare ka. Musbahu.

Legas, Afrilu

Musbahu,

Salam. Ka kwance karen yau ɗin nan ka kai wa Hammadu makiyayi a ruga, kyauta. Ba don surutun mutane ba. Ka ce da Inna ta koma ɗakinta, dominta na gina shi.

Baballe.

Bunkure, Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na kai karen, na wanke tsakar gida, na faɗa wa Inna. Ta ce Allah Ya yi maka albarka. Ta ce kuma in nemo mata mai yaɓe ya gyara rufin tsohon gidan kafin ruwa ya sauka.

Ƙanenka, Musbahu.