An Ɗaure Ƙanena Kan Rumbun Da Bai Ƙona Ba

Assalamu alaikum Malam Edita da 'yan'uwa masu karatu, da fatan an yi kaka lafiya. A sakaya sunana, ya isa a ce daga ƙasar Gwarzo nake, wajen Madadi. Ku yi haƙuri da rubutun, ban daɗe da fita ajin manya ba. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira shi Ɗanlami. Bayan girbi rumbun geron mai unguwarmu ya kama wuta, aka ce shi ne, don da ma sun taɓa sa-in-sa kan iyakar gona. Alhali ranar muna Kabo ni da shi, wajen sunan jikan gwaggonmu, can ma muka kwana. Muna dawowa 'yan doka suka tare mu a bakin gari suka sa masa igiya.

A gaban alƙali na miƙe zan yi bayani aka ce in zauna, ba a karɓi shaidata ba tunda ɗan'uwana ne, in kawo wasu. Na koma Kabo na bi waɗanda muka ci tuwo tare gida gida, wannan ya ce ƙafarsa ke ciwo, wancan ya ce bai taɓa shiga kotu ba kuma ba zai fara a kanmu ba. Ban ga laifinsu sosai ba, ni ma ina tsoron dorinar ɗan doka. Mai unguwa kuwa barorinsa ya kawo suka yi shaida. Ɗanlami in ya tsorata i'ina yake yi, aka yi ta jefa masa tambaya yana haɗa gumi, aka yanke masa ɗauri aka wuce da shi kurkukun Kano.

Na hau motar gyaɗa zuwa birni, aka nuna mini ofishin wani lauya a Sabon Gari. Ta bakin tafinta ya ce lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali, sai an yi afil, wato an ɗaukaka ƙara, maganar ta haura sama, kuma afil yana da wa'adi, in ya wuce shi ke nan. Abin da ya ce a ajiye masa ko na sai da jakina da tumakin matata ba zai kai ba. Daga nan na roƙi ganduroba ya bar ni na ga Ɗanlami, ya rame, an aske masa kai. Ya ce, "Yaya, ka gaya musu muna Kabo?" Na ce na gaya musu. Ya ce, "To me ya sa ba su ji ba?"

Yanzu ga inda na tsaya. Akwai wani tela a kasuwar Gwarzo, ɗan jam'iyyar hamayya ne, ya kira ni gefe ya ce suna da masu rubuta wa talaka afil kyauta, za su raka ni har Kano, akwai ma lauyan da ke taimakonsu. Bai ce in yanki katinsu ba, amma a wajenmu duk wanda aka gani a rumfarsa an shafa masa baƙin jini ke nan. Gonar da nake ci da iyali aro ce daga gidan mai unguwa tun zamanin babanmu, matata kuma 'yar ƙanwar mai unguwar ce, ta riga ta faɗa mini in na bi telan nan danginta za su zo su ɗauke ta. Inna ta yi mini faɗa sosai, ta ce a bar wa Allah, an ɗauke mata ɗa ɗaya ba za ta zuba ido a ɗauke na biyu ba. Matar Ɗanlami kuwa ga tsohon ciki, kullum da safe za ta zo ta gaishe ni ta zauna a bakin ƙofa.

Wasu sun ce in tare Di'o, Baturen mulki, in ya zo rangadi, to ba na jin Turanci, mai yi masa tafinta kuma yaron hakimi ne. Na kasa zama wuri ɗaya, in je gona in dawo ban taɓa komai ba, in kama hanyar Gwarzo in juyo daga rabi.

Telan ya ce kasuwa mai zuwa in ba shi amsa kafin wa'adi ya cika. In bi shi in rasa gona da mata, ko in bi maganar Inna in bar yaron nan ya gama ɗaurin da bai ci ba? Ko akwai wata ƙofa da talaka ke bi ya kai kukansa wadda ban sani ba? Wanda ya taɓa yin afil ya dawo ya zauna lafiya a garinsu, don Allah ya gaya mini yadda ya yi.