Yaya, Na Fasa Injin Motarka

Yaya Sule,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya zaman Kumasi? Mu nan Kazaure sai godiya.

Da kunya nake rubuta maka. Motar da ka bar mini amana, na ɗaura mata abin hura wa inji iska, wanda na ciro daga matacciyar motar wani Bature. Makanikin hukumar En'e ya nuna mini wani zane a jikin abin, ya ce, "Kada ka wuce wannan zane, injin ba zai ɗauka ba." Don in tsere wa wani direba, na ƙara iskar har na wuce zanen. A hanyar Roni injin ya fashe. Bijimai suka jawo motar gida ta tsakiyar kasuwa.

Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Rubuta wa yayanka da hannunka."

Ka yafe mini, ka sa ni a addu'a. A gaida yara.

Ƙaninka,
Musa