Na Ce Wa Ƙanwata Allah Ya Yi Mini Magana

Malama, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina. Ni kafinta ne, kuma dattijo a ikilisiyarmu. Shekara goma sha tara ina jagorantar addu'ar Laraba, har mutane suka saba cewa bakina ba ya faɗuwa ƙasa. Ni ma, kunya ko ba kunya, na fara yarda da hakan.

Ƙanwata mijinta ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya mai shekara tara, wadda aka haifa da ciwon zuciya. Likita ya sa ranar aikin tiyata, amma ya gaya mata gaskiya cewa aikin yana da haɗari. Ta zo shagona tana kuka, ta zauna a kan tulin katako, ta ce in yanke mata shawara tunda ni ne uba yanzu. Na yi azumin kwana uku. A rana ta uku ina goge ƙafar kujera sai na ji hankalina ya kwanta, irin kwanciyar da ban taɓa ji ba. Ranar Laraba, lokacin ba da shaida, na miƙe gaban jama'a na ce Ubangiji ya nuna mini yarinyar za ta warke ba tare da wuƙa ba. Aka yi ta tafi. Ƙanwata ta fasa kai ta asibiti.

Bayan wata biyu yarinyar ta faɗi a bakin famfo da rana tsaka, ba ta sake tashi ba. Ni na haɗa akwatinta da hannuna.

Likitan ya ce ko da an yi aikin, ba shi da tabbacin za ta rayu. Na riƙe wannan maganar kamar igiya, amma ba ta ɗauke ni ba. Ƙanwata ba ta zage ni ba, har yanzu Yaya take kira na. Coci ne ta daina zuwa. Ta ce wa matata Allah ya yi mata alkawari ya karya. Ni kuwa kullum ina aika mata cewa hikimar Allah ta fi gaban ganewarmu. Malama, ba gaskiya ba ce wannan? To me ya sa in na faɗa sai in ji kamar na yi sata?

Kafinta mai baƙin ciki

Ɗan'uwana, sannu da wannan rashi. Ba mugunta ka yi ba, ƙaunar yarinyar ce da tsoron wuƙa suka cika maka zuciya. Ko aikin zai cece ta, ba kai ba, ba likita ba, ba ni ba, babu wanda ya sani, kuma ba za a sanar da mu a wannan duniya ba. Wannan nauyin ka sauke shi.

Amma akwai wanda ba za ka sauke ba tukuna. Littafi Mai Tsarki ya koya mana cewa tunanin Allah ya yi wa namu nisa ƙwarai. An ba mu wannan koyarwa don mu ji tsoron cewa mun san nufinsa, kai kuwa ka tuna da ita bayan ka riga ka yi magana da sunansa. Yanzu kana rufe kuskurenka da ita, shi ya sa take yi maka ɗaci a baki.

Ka daina aike. Ka je da ƙafarka, ba wa'azi, ba aya, ka gaya wa ƙanwarka cewa kwanciyar hankalinka ce ka ji, ka kira ta muryar Allah. Ka maimaita hakan ranar Laraba a inda ka tsaya da farko, sannan ka ajiye jagorancin na ɗan lokaci. Mai yiwuwa ta daina kiranka Yaya, kuma zai yi zafi. Ka jure. Gara ta yi fushi da yayanta da ta ƙare rayuwarta tana ganin Allah ya yi mata ƙarya.

Ubangiji ya ba ka ƙarfin faɗa, ya ta'azantar da ku duka biyu.