Hayaƙin Murhun Gwaggo

Tudun Wada, Kano
3 ga Zulhajji

Zuwa ga Nabiha, hasken idona, sanyin ƙirjina, wadda ta fi ruwan randa daɗi a tsakar rana, ta fi ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, kuma wadda a yau ta fi kowa ɓata mini rai.

Assalamu alaikum. Ni ne Abdulbaƙi Garba, mai digiri a ilimin aikin sassan jikin ɗan Adam, da sakamako mai daraja ta biyu rukunin sama, wanda ya yi hidimar ƙasarsa a asibiti, ba a ofishin shan shayi ba. Ban ambaci wannan don alfahari ba, sai don ki san mai maganar ya san abin da huhu yake so da abin da yake ƙi. Manufar wasiƙar ɗaya ce tak: in hana ki tsayawa kan murhun suyar naman layya a bana.

Jiya ƙanwarki Khadijatu ta shaida mini cewa kin amsa wa Gwaggo. Raguna huɗu da sa guda, babbakar kai da ƙafafu, suya ta kwana uku, duk a wuyanki, ke mai ciwon asma. Da na ji, sai da na nemi wuri na zauna. Wane irin mantiƙi ne wannan? Wace mazhabar tunani ce ta halatta wa mai ƙuntataccen numfashi ta durƙusa a gaban ɗanyen itace? Gidanku na Nassarawa GRA yana da murhun gas mai kai shida, amma Gwaggo ta ce, "Suyar gas ai ta 'yan boko ce, ba ta kai wata guda." To, na ji, ni ɗan boko ne. Amma me za a yi da naman da ya kai wata guda idan mai suyar ba ta kai ba?

Ke kin manta bara, ni ban manta ba. Washegarin Sallah, da hantsi, Khadijatu ta kira ni tana kuka, domin Baffa, mahaifinku, yana aikin Hajji, direba kuma ya tafi garinsu. Na same ki a bayan gida kusa da kasko, kin dafa bango, leɓɓanki sun canza launi, ƙirjinki yana fito kamar iska a kafar ƙofa. Maganin shaƙarki yana can sama cikin jaka, wai kada baƙi su gani su ce 'yar gidan ba ta da lafiya. Ni na tuƙa motar gidanku zuwa asibiti. A mahaɗar titi uku na keta danja, ina kiran sunanki, ba ki amsa ko sau ɗaya ba. Awa biyu na yi a barandar asibiti riƙe da takalminki ƙafa ɗaya, ban ma san ina riƙe da shi ba. Duk karatuna, duk manyan kalmomina, babu wadda ta iya sa miki numfashi guda a ƙirji.

Likita ya rubuta ƙarara cewa ke da hayaƙi har abada, ke da aikin da babu hutu. Takardar tana hannuna, ni na karɓe ta. Da Baffa ya dawo, gida ya haɗa baki aka ce masa gajiya ce kawai. A ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanku kika roƙe ni kada in faɗa masa, don kada ya yi wa yayarsa Gwaggo faɗa. Na yarda, bisa sharaɗi ɗaya, cewa ba za ki sake tsayawa kan murhu ba, kika kuma ce, "Wallahi na daina, Malam Likita, sai ka daina zare mini ido." Na riƙe nawa alkawarin shekara cur. Ina naki, ya tauraruwar asubahina?

Na san hujjarki, domin na san ki. Gwaggo ta ce babu mai hannunki a suya, kuma yarinyar da ake maganar aurenta ba ta zaman falo ranar Sallah, kada dangin miji su ji su ce raguwa ce. Dangin mijin nan fa nawa ne! Mahaifiyata ba ta aike ni neman mai suya ba. Kunya ado ce, na amince, kuma tana cikin abin da ya sa na zaɓe ki. Amma kunyar da za ta sa mutum ya shaƙe yana murmushi ba tarbiyya ba ce, ganganci ne tsantsa. Ki ƙara da zaryar gidan tela, da tarbar baƙi tun safe, da yawon gaisuwa gida goma sha, da barcin awa uku, da mantawa da shan ruwa. Wannan ba shagalin Sallah ba ne, azabtarwa ce da aka sa wa sabon leshi.

Ban zo da ƙorafi hannu sake ba. Na yi magana da mata biyu a unguwar Gawuna, ƙwararru a aikin biki, za su yi suyar yadda Gwaggo take so, da itacenta da komai. Babbaka kuwa ni zan tuɓe babbar riga in tsaya tare da mahauta, digirin ya jira ni a mota. Ke naki shi ne ki zauna a falo ki ƙulla rabon maƙwabta, maganinki a gefenki inda kowa zai gani, ki sha ruwa, ki kwanta bayan Azahar, ki zaɓi gida uku ki gaisar, sauran a yi musu waya. Shin wannan ya yi tsauri ga wadda nake ƙirga numfashinta tamkar nawa?

Idan kin ƙi, ki ji matakina tun yanzu, don kada ki ce na ci amana a ɓoye. Zan je wurin Baffa da takardar likita, in durƙusa, in ba shi labarin bara daga farko har ƙarshe. Na san natijar hakan. Gwaggo ce uwar ɗakinki, ita ake tambaya a maganar aurenmu, kuma ba za ta yafe wa yaron da ya kai ƙararta wurin ƙaninta ba. Mai yiwuwa a rufe mini ƙofar gidanku. Na auna, na sake aunawa, kuma na zaɓa. Gara in hango ki daga nesa a gidan wani kina numfashi, da in sake riƙe takalmin nan a baranda.

Saboda haka ina buƙatar amsa a rubuce, da hannunki, ba saƙon waya mai hoton dariya ba. Ki ba Khadijatu, ta iso gare ni kafin sallar La'asar ta ranar 7 ga Zulhajji. Kalma biyu sun wadatar: na haƙura. In La'asar ta wuce shiru, a sahun Baffa zan yi Magariba, takardar tana aljihuna.

Naki, mai fushi da ke yau, mai ƙaunarki har numfashinsa na ƙarshe,

Abdulbaƙi Garba