Wanda Ya Wanke Mikail

Talata, 1 ga Oktoba, 2024

Tun safe rediyo sai badujala. Na kashe. Su yi ta busa.

Ni tambayata ba ta canja ba tun ranar da sojoji biyu suka tsaya a ƙofar gidan nan da jakar ɗana Mikail, suka ce ya rasu a bakin daga a Sudan. Wa ya wanke shi? Wa ya sallace shi? Ina kabarin? Suka ce za a sanar da ni. Gemuna baƙi ne a lokacin. A ofishinsu har masu gadi sun gane tarina. "Baba mai wankin hula ya dawo." E, na dawo. Ban yi boko ba, ɗan rubutun nan ma na yaƙi da jahilci ne, amma na san duk wanda ya mutu akwai inda aka sa shi.

Shi ya sa ban taɓa ce masa marigayi ba. Malam Ilu liman ya ce taurin kai ne. To.

Juma'a, 4 ga Oktoba

'Yardada ta sake tayar da maganar ɗakinsa na zaure. "Malam, ka buɗe ko iska ta shiga. Ni na haife shi, kuma na haƙura." Na ce makulli yana aljihuna, nan zai zauna. Miyar yau ba gishiri. Da gangan ne.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ina shanya huluna wani dogon mutum ya yi sallama. Fararen kaya duk sun yi dauɗa, takalmi ɗaure da waya. Hausarsa wata iri, rabi Larabci. Sunansa Musa. Wai kakansa ɗan Shahuci ne, nan cikin Kano, ya tafi Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna. Yanzu yaƙi ya cinye garinsu, ya biyo ta Chadi.

Sai ya ce, "Kai ne Sabo, uban Mikail? Ni na binne shi."

Na ce ya kauce, yana tare wa huluna rana. Na ga irinsu. An taɓa zuwa min da hoton wani kabari, ashe na nan maƙabartar Gwauron Dutse ne.

Bai yi gardama ba. Ya ce yana kwana a masallacin unguwa.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ban aika a kira shi ba. Wucewa na yi ta masallaci, na ce idan yana da magana ya zo zaure.

Na ce, "In kai ka wanke shi, me ka gani?"

Ya ɗora hannu a cinyarsa ta hagu, can sama. "Ƙuna. Tsohuwa. Mai tsini, kamar bakin dutsen guga."

Yana ɗan shekara huɗu ya faɗa kan dutsen gugata, garwashi a ciki. Ko abokansa ba su san da tabon nan ba, don ba ya yarda ya tuɓe a kududdufi. Sai na ji kwano ya faɗi a bayan labule. Ashe 'Yardada tana tsaye.

Na tura masa tabarma.

Litinin, 7 ga Oktoba

Bari in rubuta kafin in manta.

An yi wa su Mikail kwanton ɓauna, aka watse. Mata masu itace ne suka tsince shi a busasshen rafi, da sauran numfashi. A kan jaki aka kai shi gidan Musa. Da ya farfaɗo ya ji ana Hausa a kansa, wai sai ya yi dariya: "Kai, har nan ma kun zo?" Shi ne. Wallahi shi ne. Yaron da ko a gaban liman sai ya yi tsokana.

Ya sha ruwa. Ya sha kunu kaɗan. Ya ce, "In kun je Kano, Ƙofar Mazugal, ku nemi Sabo mai wankin hula. Amma ku cire hularku tukuna, in ya ga datti zai yi muku faɗa." Washegari da hantsi ya cika, da kalmar shahada. Musa ne ya laƙƙana masa.

Na tambayi likkafani. Babu yadi a garin. Matar Musa ta ciro farin mayafinta na Idi, sabo, ta ce a yanka.

Na tambayi salla. Sahu uku.

Na tambayi alƙibla. Ya dube ni kamar na zage shi. "Malam Sabo, mu fa mun fi ku kusa da ita."

Kabarin yana ƙarƙashin aduwa. Sun kewaye shi da ƙaya saboda kura. Duk shekara bayan damina Musa yake sabunta ƙayar, tare da ta iyayensa. Ya ce ya faɗa wa wasu masu kaki da suka biyo daga baya, suka gyaɗa kai suka wuce. Shi kuwa ko waya ba shi da ita.

Alhamdu lillahi. Ni ina nan ina buga teburan mutane, ashe wani bawan Allah yana can yana saran ƙaya saboda ɗana. Alhamdu lillahi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Mutumin nan a shayi yake zuba sukari ko a sukari yake zuba shayi? Na ba shi hula ɗaya ya gwada wankewa, ya murɗe ta kamar tsumma. Na yi masa faɗa. Ya ce, "An gaya min."

Juma'a, 11 ga Oktoba

'Yardada ta ce in tambaye shi mai mayafin, tana so ta san sunanta don addu'a. Fanna. Ta rasu a hanya, zazzaɓi. Ya binne ta a inda shi ma ba zai iya nunawa ba yanzu.

Saura 'yarsu, Sumayya. A sansanin kan iyaka aka loda su a motoci daban-daban, aka ce wuri ɗaya za a sauke su. Ba a sauke su wuri ɗaya ba. Ita ce take riƙe wa Mikail kofi, lokacin tana ƙarama.

Na ce, "Ka tambaya?" Ya ce ya tambaya sau ɗaya, aka ce ya yi haƙuri, shi ne ya yi. Sau ɗaya!

Alhamis, 17 ga Oktoba

An yi waina an raba. Dabarar 'Yardada ce, ni ban ce a yi ba, gero da shinkafar kawai na sayo. Malam Ilu ya yi addu'a, ya ambaci Mikail da Fanna. Na ji wani ya ce "Allah ya jiƙansu" da ƙarfi. Liman ya waiwayo yana kallona. Na ce masa ya ci gaba da abin da yake yi.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na buɗe ɗakin. Don iska ne kawai. Tabarmar Musa da na shimfiɗa a ciki kuma, saboda sauron masallaci ya yi yawa ne, ba wani abu ba. Takalmin marigayi ya yi masa daidai.

Yau na sa babbar riga na ja shi ofishin 'yan gudun hijira. Wani yaro mai gilashi ya danna kwamfuta, ya ce mu je gida, za a sanar da mu. Musa har ya miƙe yana godiya. Na ce zauna! Na ce wa yaron, "Ɗan nan, kai sabo ne, ba ka san ni ba. Je ka tambayi masu gadin sojoji."

Gobe zan koma. Jibi ma. Ubanta ya amsa min tawa, bai rage komai ba. Yarinya ce doguwa, mai wushirya, sunanta Sumayya Musa. Wani ne ya sa ta a mota, wani ne ya sauke ta. Ina take? Wani ya fito ya ba ni amsa.